Tsaga ta Uku a Motar Abdulwahabu

"Juma'a kika ce, Mardiyya. Da bakinki kika faɗa, ban matsa miki ba."

Malam Yusuf bai ɗago kai daga takalmin markub ɗin da yake ɗinki ba. Shi dama haka yake, in zai yi magana mai nauyi sai ya zuba wa basilla ido, ka ce da ita yake.

"Na sani, Baba."

"Yau Litinin. Mutanen Abdulganiyyu sun turo sau biyu, sau biyu ina cewa su dakata. Ɗan ƙanwata ne, ba baƙo ba. In uwar wancan yaron ba ta tako gidan nan ta yi gaulat hair, wato faɗin alheri, ba kafin magaribar Juma'a..."

"Zan amsa wa Abdulganiyyu da kaina," ta ƙarasa masa, muryarta ƙasa-ƙasa.

Inna Huseina, mahaifiyarta, tana bakin gutiyarta, ɗakinta na ciyawa, tana tsince tsakuwa a farantin wake. Ta ajiye farantin.

"Ni dai abin ya ishe ni kallo. Yaro ɗan'uwanki, ga gonar riɗi a Mafaza, ga a-kori-kura sabuwa dal, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ke kuma kin je kin liƙe wa ɗan Hartum ɗin da uwarsa ke amsa gaisuwarki da hanci. Shinu, mene ne laifinmu? Don muna ɗinkin takalmi? Ita ba ta sawa ne?"

Gaskiyar Inna ce, Abdulganiyyu ba shi da wani aibu, in ka cire cewa hirarsa daga ruwan bana sai ruwan baɗi. Sai dai Mardiyya in tana zaune gabansa agogon hannunta take satar kallo, in tana gaban Eltayeb, ɗan Hartum ɗin, kuwa sai ta manta ta ɗaura shi.

Eltayeb malamin labarin ƙasa ne. Yaƙi ne ya koro su daga Hartum, shi da iyayensa, suka yada zango a Madani, aka sake koro su zuwa Gadarif. Wata biyu da isowarsu Allah ya yi wa mahaifinsa Abdulwahabu rasuwa. Markub ɗin marigayin ya kawo gyara rumfar Malam Yusuf, ya tarar da 'yar mai rumfar ce ke riƙe da basilla. Takalmin ya gyaru cikin kwana biyu, shi kuwa har yau bai daina zuwa ba.

Mahaifiyarsa, Hajja Batoul, ta riga ta zaɓa masa Ruaa, 'yar yayanta, mai haɗa magunguna a Bur Sudan. Da ya roƙe ta ta je gidan su Mardiyya ta faɗi alheri, kamar yadda uwar yaro ke yi kafin maza su shiga maganar aure, abu ɗaya ta ce: "Ba mu san su ba." Maganar kuwa ta yi ƙafa har gidan Malam Yusuf.

A ranar ne Mardiyya ta yanka wa kanta wa'adin Juma'a, cikin fushi. Fushin ya sauka tuni. Wa'adin yana nan.

*

Hantsi ya ɗaga lokacin da raksha mai ƙafa uku ta tsaya gaban rumfar. Eltayeb ya sauko rungume da wani dogon abu a naɗe cikin bargo, yana tsallake baƙar lakar Gadarif da ruwan ƙarshen damina ya dama.

"Salamu alaikum, Ammi Yusuf. Sannu da aiki!"

Hausarsa ke nan gaba ɗaya, "sannu da aiki" da "na gode". Sauran da Larabci ake yi.

Ya shimfiɗa bargon a kan tabarma ya buɗe. Doguwar katifar roba ce baƙa, ta saman tablon, wato allon gaban mota da ke ƙarƙashin gilashi. Rana ta gasa ta har ta koma toka-toka. Tsaga uku ne a jikinta, ɗaya a gaban direba, ɗaya a tsakiya, ɗaya can dama gaban kujerar mai zaman gaba, soso rawaya yana leƙowa.

Mardiyya ta gane ta nan take. Duk wanda ke bin layin su Eltayeb ya san shuɗiyar Fijo 504 ɗin nan, ƙirar shekarun saba'in, da ke fake ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan da suke haya. Ita ce ta fito da su daga Hartum, kuma tun da mai ita ya rasu ba ta sake motsi ba.

Malam Yusuf ya leƙo ta saman tabaransa. "Wannan ai ba markub ba ne."

"Fata fata ce, Ammi."

"Idona ya daina ganin ƙananan ɗinki. Mardiyya ce mai irin wannan." Ya juya musu baya ya ƙara wa rediyonsa murya, wanda a wurin Malam Yusuf shi ne izini.

Eltayeb ya durƙusa daga ɗaya gefen bargon, idanunsa na sheƙi irin na wanda ya kwana da dabara ya tashi da ita.

"Na gaya wa Yumma, mahaifiyata, zancen Juma'a. Amsar da ta ba ni ita ce ta haɗa jaka ta tafi ta'aziyya Fau, sai Alhamis. Amma ki ji. Shekara ashirin tana yi wa Abuy mita a kan tablon ɗin nan, shekara ashirin yana cewa gobe. Har yanzu in ta tuna sai ta ce, Allah ya jiƙan Abdulwahabu, ya tafi bai gyara ba. Ki mayar da shi sabo fil, Mardiyya. Ta dawo ta gani, ta tambayi hannun wa ne."

Ta yi murmushi, ta shafa robar da bayan yatsa.

"Wato Ruaa da digirinta, ni da basillata."

"Ruaa ba ta taɓa gyara komai a gidanmu ba."

"In kuma ta gani ta ce ba ta san mu ba?"

"Ba za ta ce ba." Ya sassauta murya. "Ba ni da wata dabara bayan wannan. Na yi roƙo, na yi kuka, na turo mata limamin unguwa. Wannan ce ta rage."

Allah sarki. Ta dube shi, malami guda da ya san sunan kowane kogi a duniya, ya rasa hanyar shiga zuciyar uwarsa. Tausayinsa ya kama ta, sonsa ya ƙaru.

"Bar shi," ta ce. "Ka zo jibi."

*

Ta fara da wanke shi da ruwan sabulu mai ɗumi, sau uku, har ruwan ya daina fita ja. Ƙurar hanyar Madani ce, ta ce a ranta, ga ta Fau, ga ta Gadarif.

Ta ɗauki aska ta kama tsagar farko. Leɓen robar ya bushe ya ɗago, yana karyewa ƙas-ƙas. Ta fafe gefe biyun a karkace don ciko ya sami wurin zama, ta ƙwaƙule sosan da ya zama gari, ta yanko sabo daidai ramin, ta shafa gam, ta danne da dutse. Haka ta yi wa ta biyu. Da suka bushe ta goge su da sanfara, takarda mai kaushi, har tafin hannunta ya kasa gane inda tsagar take.

Fatar akuya ɗaya ba ta kai tsawon tablon ba. Ta zaɓo uku masu laushi, jimar bagaruwa, ta haɗa su da ɗinki siriri, ta rina da kuloko suka yi baƙi wuluk, sannan ta shafe su da man riɗi don kar rana ta sake cin su da wuri.

Hannunta na aiki, ita kuwa tana can. Tana ganin motar ta tashi. Ga hanyar Fau ta miƙe, gonakin riɗi hagu da dama an yanka an jingina dammuna suna shan rana. Ga dawa ta yi ja har iyakar gani. Eltayeb na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, yana nuna mata duwatsu yana faɗin shekarunsu kamar tsofaffin abokansa ne. Iska na shigowa tana jan gefen tob ɗin da ta yafa. A kujerar baya kuma akwai wata dattijuwa da ke miƙo mata dabino tana cewa, "Karɓi, ya bitti, 'yata."

A nan kullum mafarkin ke tsayawa, don ko a mafarki ba ta san yadda murmushin Hajja Batoul yake ba.

"Mardiyya! Gam na zuba a tabarma!" in ji Inna daga tsakar gida.

Ranar Talata da safe ta zo kan tsaga ta uku. Ta ɗora aska, sai ta dakata.

Leɓen wannan bai bushe ba. Ya yi santsi, ya yi sheƙi, ya zagaye kamar ƙwayar carbin da ta daɗe a hannu. Ta sunkuya ta shinshina. Ba warin tsohuwar roba ba ne, ƙamshin sandaliyya ne, irin wanda dattijan mata ke shafawa, da ɗan burbushin ƙamshin gahawa. Ta zura yatsa a hankali ta ji wani abu. Guntun aswaki ne, ya bushe, da shatin haƙora a kansa.

Ta jera yatsunta huɗu a bakin tsagar. Suka shige daidai, kamar an gwada.

Sai ta tuna wata la'asar da ta wuce layin a raksha, ta hango Hajja Batoul zaune ita kaɗai a kujerar gaba ta motar da ba ta zuwa ko'ina, ƙofa a buɗe, butar jabana, wato gahawa, a ƙasa kusa da ƙafarta, hannunta na dama miƙe a kan tablon, leɓunanta na motsi. A lokacin ta ɗauka lazimi take.

"Baba, zo ka gani."

Malam Yusuf ya shafa wurin da babban yatsa, ya shinshina aswakin.

"Kin tuna markub ɗin ubansa da ya kawo? Me na hana ki?"

"Ka ce kar in cike lotsawar diddige."

"Haka kakanki ya koya mini, shi kuma ya koya a wurin nasa uban da ya taho da ƙafa daga Haɗeja zai je Makka. In mai takalmi yana da rai, ki cike, ƙafarsa za ta sake yin wata. In ya rasu, ba ki taɓa wurin sai kin tambaya. Sau da yawa masu shi lotsawar suke so, takalmin kawai ya biyo ta ne."

"Wa zan tambaya, Baba? Tana Fau. Ko tana nan ba za ta amsa mini ba. Shi kuma ya ce sabo fil."

"To ki zaɓa. Ke ce mai aikin." Ya koma wurinsa.

Ta daɗe zaune da aska a hannu. In ta rufe, za a sami tablon ɗin da ko a Hartum ba a taɓa ganin irinsa ba, baƙi sumul daga gefe zuwa gefe. In ta bari, za a ga faci. Kuma mace mai neman dalilin ƙi, faci ya ishe ta.

Ta ajiye askar.

Ta gasa bakin basilla a garwashi, ta huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba da gudu. Ta juya katifar ta ƙarfafa wurin ta ƙasa da gam da ƙyalle. Sannan ta jiƙa fatar, ta ja ta, ta shimfiɗa a kan tablon ɗin tana bin kowane lungu da yatsa. Da ta zo kan tsaga ta uku ta yanke fatar ta buɗe mata taga mai siffar ƙwai, ta lanƙwasa bakin, ta bi shi da ɗinkin da ba ta taɓa yin mai ƙanƙantarsa ba.

Daga ƙarshe ta mayar da aswakin inda ta same shi.

*

Laraba bayan la'asar Eltayeb ya zo. Ta yaye bargon daga hagu, a hankali. Ya ja numfashi.

"Ya salam! Mardiyya, wannan ai ya fi na kamfani. Wallahi ko Abuy..."

Sai bargon ya kai ƙarshe. Idonsa ya faɗa kan tagar.

"Wannan fa? Ba ki gama ba?"

"Na gama."

"Kin gama? Ga tsaga nan tana kallona!"

Ta nuna masa santsin, ta ce ya shinshina, ta fito masa da aswakin. Ya karɓa ya juya shi, idonsa ya kawo ruwa, amma ya girgiza kai.

"Na Abuy ne, nan yake soke shi. Abin da ke ƙona mata rai ke nan! Da kunnena na sha ji: ya Abdulwahabu, ka mayar da mota shara, mutane na gani. Ita ta fi tsana a cikin ukun. Kin rufe biyun da ba ta damu da su ba, kin bar mata wadda take ƙi, har kin yi mata ado!"

"Tun da ya rasu, ta taɓa cewa kai ka gyara?"

Ya dubi aswakin da ke hannunsa.

"Ta ce ya tafi bai gyara ba."

"Na ji. Ta ce kai ka gyara?"

"Mardiyya, dama ɗaya gare mu. Ɗaya tak! Za ta duba ta ce 'yar masu markub ta yi faci. Za ta kira Ruaa a waya su yi dariya. Don Allah, akwai sauran fata, akwai sauran yini. Ki rufe."

Hawayen da take riƙewa tun Litinin suka ɓalle.

"Kana ganin ban san abin da zan rasa ba? Jibi Juma'a, Eltayeb. Inna ta riga ta wanke kofunan baƙi, ba ta damu ko su waye za su sha ba. Ni ce na yi alkawarin, kuma Baba bai taɓa jin na faɗi magana na janye ba. Kai in ta ƙi, kana da uwarka, kana da Ruaa, kana da Hartum ran da aka koma. Ni fa? Mafaza zan tafi in yi ta sauraron labarin ruwan sama har in tsufa."

"To me ya sa..."

"Saboda sandaliyya ba ta zuwa cikin tsagar mota da kanta! Hannu ne ke kai ta, kullum, kullum. In na rufe ƙila ta yaba ɗinkina. Amma in abin da nake zato gaskiya ne, na sake binne mata miji ke nan, da hannun da nake so ta riƙe. Ba zan iya ba. Ko da zan same ka, ba zan iya ba."

Ya zauna daɓas a kan tabarma ya dafe kai. Rediyon Malam Yusuf ya ƙara ƙarfi.

"In kuma kin yi kuskure?" ya ce can ƙasa.

Ta share ido da gefen mayafi. "Sai ka zo ɗaurin aurena ka ci fatta. Abdulganiyyu ba ya rowar nama."

Dariya ta suɓuce masa, hawaye na bin gemunsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Na gode," ya ce da Hausa, duk da ita ba ta san ko godiya ce ko sallama ba.

*

Alhamis da azahar suka mayar da tablon ɗin, a ƙarƙashin darbejiya, a idon duk mai wucewa. Ita ta riƙe, shi ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana ɗaure kusoshi. Da aka gama ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Zauna ki ga aikinki."

"A'a. Wurin yana da mai shi." Ta shiga baya.

Cikin motar ɗumi, ƙamshin sabuwar fata da man riɗi. Inuwar ganye na wasa a kan gilashi. Eltayeb ya kama sitiyari, ya gyara madubi har ya sami idanunta a ciki.

"Ina za mu, Ustaza?"

"Inda babu Juma'a."

"Tamam. Mun bar kasuwar hatsi. Kin ga raƙuman can? Mun wuce su. Yanzu hanya ta miƙe, babu shinge, babu mai tambayar takarda. Ga dutsen Fau can ya fara fitowa, shuɗi-shuɗi."

"Na gan shi."

"Za mu sauka bakin kogin Rahad. Ruwa ya cika bana. Za ki cire takalmi..."

"Ni ce na ɗinka shi, ba zan bar shi a laka ba."

"Sai ki riƙe a hannu. Akwai mai shayi ƙarƙashin wata bishiya, ta san mu, tana cewa ina yaran..."

Mardiyya ta lumshe ido. Ta ji ƙarar ruwan, ta ji sanyinsa a idon sawunta. Da za a ce ta zaɓi inda rayuwa za ta tsaya cak, da nan ta zaɓa, a kujerar baya ta motar da ko batir ba ta da shi.

Ƙarar raksha ce ta dawo da ita.

Hajja Batoul ta sauko, doguwa, cikin farin tob, jaka a hannu. Ta juyo za ta shiga gida, idonta ya faɗa kan gilashin motar. Baƙar fatar na sheƙi a rana. Jakar ta suɓuce ta faɗa laka.

"Eltayeb." Muryar ba ta fita sosai ba. Sai kuma ta fita. "Eltayeb! Me ka yi?"

Ya fito da sauri. "Yumma, na ce in ba ki mamaki, kullum kina cewa Abuy..."

"Wa ya sa ka? Wa ya ba ka izini? Gida ya tafi. Hotuna sun tafi. Zanen aurena ya tafi. Abu ɗaya ya rage mini a duniyar nan, ɗaya, na juya baya kwana uku ka ba wa mutane suka shafe shi!"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Mardiyya ta fito daga baya. Idon Hajja Batoul ya sauka a kanta, daga fuska zuwa yatsunta da kuloko ya rina.

"Ke ce? Da hannunki?" Ta gyaɗa kai. "Na ce ban san ku ba. To yau na san ku."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Wani ɓangare na zuciyarta ya ce ta juya ta tafi, ai Juma'a ta riga ta zo. Amma ta taka, ta kama hannun ƙofar gaba, ta buɗe ta riƙe.

"Halti, ki shiga ki zauna. Sau ɗaya. In kin fito kika ce in tafi, wallahi ba za ki sake ganina ba."

"In zauna in ga me?"

Mardiyya ta tsaya inda take. Hawaye na zuba, ba ta saki ƙofar ba.

Wataƙila gajiyar hanya ce, wataƙila ƙafafun ne suka saba. Hajja Batoul ta shiga ta zauna. Ba ta dubi tablon ɗin ba, ta runtse ido gam, kamar mai jiran allura. Ƙirjinta na hawa da sauka.

Hannunta na dama ya tashi da kansa. Ya bi sabuwar fatar, ya tafi inda ya saba zuwa.

Yatsu huɗu suka shige.

Ta buɗe ido. Ta dubi tagar, ta dubi ɗinkin da ya kewaye ta, ta dubi tsohuwar robar mai santsi a ciki. Ta zura yatsa ta zaro aswakin. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ta kai shi goshi, kafaɗunta suka fara girgiza.

Babu wanda ya yi motsi. Har mai raksha da ke shirin juyawa ya kashe injinsa.

"Don ya tsokane ni yake soke shi a nan," ta ce can, ba tare da ta dubi kowa ba. "A gabana, ba a gabansa ba. In yi faɗa, ya yi dariya. Ran da muka fito Hartum, nan na sa hannuna. Kowane shinge, nan. Har Madani, har nan garin. Yana cewa, riƙe da kyau, Batoul, kin ga amfanin rashin gyara."

Eltayeb ya jingina da motar ya rufe fuska.

Ta ɗago jajayen idanu ta dubi Mardiyya. "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa, Halti. Wurin ya yi santsi. Kuma yana ƙamshinki."

"Ɗan da na haifa bai sani ba."

"Shi ma alheri ya nufa."

Hajja Batoul ta mayar da aswakin a hankali. Da ɗaya hannun ta shafa sauran fatar, daga tsakiya har gaban sitiyari, tana neman tsaga biyun da suka ɓace. Ba ta same su ba.

"Shekara ashirin yana cewa gobe," ta ce. Wani abu ya motsa a gefen bakinta, Mardiyya ta ga abin da ko a mafarki ba ta samu ba.

Sannan dattijuwar ta gyara zaman tob ɗinta a ka, muryarta ta koma irin ta kullum.

"Eltayeb, arabiyyar nan tana tashi?"

"Batir ya mutu, Yumma, tun..."

"To ka nemo wani. A wanke ta, a duba tayoyi. Gobe Juma'a. Abdulwahabu bai taɓa bari na je gidan mutane neman alheri a raksha ba."

Mardiyya ta ƙanƙame ƙofar.

"Ke, ya bitti. Ya sunan mahaifiyarki?"

"Huseina, Halti."

"Ki ce wa Huseina bayan la'asar. Jabanata da citta nake sha, kar ta cika sukari."

Ta faɗa ne tana kallon hanya ta gilashi, yatsunta huɗu na nan cikin tsagar.